Harshen da Rijiya Ba Ta Sani Ba

Mu biyu muke ginar rijiya, ni da yayana. Shi yake shiga, ni nake riƙe igiya. Shi siriri ne, gajere, yana iya juyawa da diga a ramin da kafaɗuna ba za su shiga ba. Ni kuwa Allah ya ba ni ƙashi. Ranar da Baba ya ajiye aikin, bayan dutse ya murƙushe masa ƙafa, Inna ta kira ni bayan ɗaki, ta ce, "Yadda ka saukar da shi, haka za ka maido mini shi." Ba ta ƙara ba. Aikina ke nan tun daga ranar: in fito da shi da rai, in kai mata shi da marece.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, shi ma bai yi ba. Amma bakina ya ɗauki kalmomin Ingilishi da na wani harshe da ake kira Esperanto, kuma duk saboda igiyar nan ne.

A gidanmu ba a magana da Hausa tsakanin na sama da na cikin rijiya. Ba a kiran suna, ba a cewa ja, ba a cewa tsaya. Baba ya ce ƙasa tana da masu ita, sun daɗe suna jin Hausa, kuma sun iya kwaikwayon muryar mutum. In na sama ya ji an ce ja, bai san wa ya faɗa ba. Girgiza igiya ma ba abin dogaro ba ne, don kowane hannu yana iya girgiza ta. Dole a nemo kalmomin da rijiya ba ta taɓa ji ba. Kakanmu ya yi aiki da ɗan Fulatancin da ya tsinta wajen makiyaya. Baba ya yi da Buzanci. Yakan ce kalma kamar igiya take, tana cinyewa, ranar da rijiya ta koye ta sai a yar. Liman ya taɓa ce masa bisimilla ta isa. Baba ya ce ita ce gaba da komai, amma ko liman yana ɗaure jakinsa.

Akwai ƙa'ida ta biyu. Maganar na ƙasa ita ce hukunci. Na sama ba ya ganin abin da bango yake yi, haske yana kashe masa ido. In na ƙasa ya ce ja, ka ja. In ya ce tsaya, ko hannunka yana ƙaiƙayi ka tsaya.

Da muka karɓi aikin, Buzancin Baba ya tsufa. Mun samo Ingilishi a tashar Birnin Konni. Lokacin cire albasa mukan bar rijiya mu je dako, muna loda buhuna a manyan kamyo masu tafiya Gana da Najeriya. Direbobin da yaransu ba sa koya wa mutum komai, ihu suke yi. Buhu yana kanka, wuyanka yana ƙara, wani yana saman mota yana ce maka kam, kam, kam. Kafin la'asar ka san kam. In ka taka inda bai kamata ba ka ji sitof. In ana ɗaure tamfol ka ji ful, ka ga kowa ya ja. Wet muka koya a bakin duwan, wato kwastan, inda mota take kwana ba ta motsa ba. Kalmar da ta shiga da buhu a ka ba ta fita. Na san rof, na san isi-isi, na san finish. Na san zagi ma da yawa, amma ba shi da amfani a rijiya.

Yaya ya fi ni kwasa. Shi mai baki ne. A hanyar gida yakan tsaya gaban jakinmu ya ce masa, "Oga, kam." Jakin ya ƙi. Ya juyo ya ce mini, "Ka gani? Ɗan uwanka ne, shi ma bai jin Turanci."

"In jaki ɗan uwana ne, kai mi kake gare shi?"

"Ni maigidanku ne ku duka. Wuce, ƙato."

Mun ci shekaru da Ingilishin nan. Mun gina rijiyoyin garka a kwarin Badaguishiri, mun yashe tsofaffi a ƙauyukan Malbaza. Yana cewa ful in ja kwandon ƙasa, yana cewa sitof in tsaya. Kowane marece Inna tana zaune bakin zaure. Ba ta tambayata komai. Ta dube shi daga kai zuwa ƙafa, ta tashi ta shiga.

Daga baya Ingilishi ya cika gari. 'Yan kabu-kabu suna yi, wayoyi suna yi, mata suna zuwa ɗibar ruwa da waƙoƙin Najeriya a cikin zane. Ban ɗauki abin da nauyi ba sai wata hantsi, a wata rijiya kusa da iyaka. Yaya ya yi nisa ƙasa, ina ganin farar hularsa kawai. Na ji ful, sarai, da muryarsa. Na ja. Kwandon bai cika ba, bai ma daidaita shi ba. Ya kife, duwatsu suka zubo masa a kafaɗa. Da na fito da shi jini ya jiƙa rigar.

"Wa yac ce ka ja?"

"Kai."

"Ban buɗe baki ba. Diga na hannuna."

Muka dubi juna. Ba kowa a wurin sai mu da jaki. Bai yi raha ba a ranar, kuma shi mutum ne da yake raha ko a wajen jana'iza. Muka naɗe igiya muka tafi, rijiyar wani ne ya ƙarasa ta. Inna ta ga kafaɗar, ta dube ni. Na gwammace ta mare ni.

Mun zauna ba aiki har kafaɗar ta warke, bayan ta warke ma ba mu koma ba, don ba mu da kalmomi. Faransanci ba a maganarsa, masu awon ƙasa sun gama zuba shi a kowane rami tun zamanin kakanni.

A lokacin akwai wani malamin gona da gwamnati ta turo kwarin Badaguishiri. Daga can bakin kogi ya fito, wajen iyakar Benin. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. Hausarsa tana ɗingishi, matarsa da 'ya'yansa suna babban birni, shi kaɗai yake kwana a ɗaki bayan buro, ofishinsa. Yana yawo a garkunan albasa kan wani tsohon babur. Ya zo nemanmu don masu garka suna son sababbin rijiyoyi, muka ce ba ma yi. Ya tambayi dalili. Yaya ya gaya masa duka.

Mushe ya yi dariya har ya cire madubin idonsa. Ya ce, "Aljanu akwai, ban musa ba. Amma ban ji suna zuwa lakwal koyon Ingilishi ba."

Yaya ya ce, "Mu ma ba mu je ba, Mushe, ga shi mun iya."

Dariyar ta tsaya. Ya zauna kan buhun taki. Sannan ya ce yana da wani harshe, Esperanto. Ya koye shi yana saurayi, lokacin da yake karatu a bakin teku. Ba harshen wata ƙasa ba ne, ba na wata ƙabila ba. Wani likitan ido ne a ƙasar Turawa ya zauna ya haɗa shi, don mutanen da ba sa jin juna su samu inda za su haɗu. Ya ce tun da ya zo nan bai yi shi da kowa ba sai da bangon ɗakinsa.

Na ce, "Harshe ana ƙera shi awa lauje?"

"Wannan an ƙera shi."

"An taɓa yin shi bakin rijiya a ƙasar nan?"

"Ko sau ɗaya."

Yaya ya ce, "To mun saya."

Bai ba mu darasi ba, ya san ba za mu zauna ba. Sai ya riƙa zuwa inda muke aiki, ya jingine babur, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Duk abin da hannu ya taɓa sai ya faɗi sunansa. In na ɗauki igiya ya ce shunuro. In na tuntsurar da dutse ya ce shitono. In na miƙa hannu ga buta, ya riƙe ta ya ƙi saki sai na ce akwo. Na sha ƙishirwa kafin akwo ta zauna a bakina. Shayi teyo ne, wuta fayro, albasa tsefo. In an ba ka abu ka ce dankon. Yaya ya tambayi sunan jaki, aka ce azeno, daga ranar na zama azeno. Na tambayi yadda ake ce wa mai surutu, Mushe ya ƙi faɗa, ya ce ba zai shiga tsakanin 'yan uwa ba. Amma ya ba mu furato, wato ɗan uwa namiji. Ta yi mana amfani, don ba ma kiran suna.

Na aiki biyu ne manya. Tiru, ja. Haltu, tsaya. Waɗannan ba mu koye su bakin rami ba, mu muka hana. Muka tafi bayan gari inda ba rijiya, muka ɗaura wa jaki igiya, muna tiru muna haltu har suka zauna. Mutumin da ya ce aljanu ba sa karatu, shi ne ya riƙa rage murya in zai faɗe su.

Ingilishi da ihu ya shige ni, wannan da shayi. Har yau in na ce sitof wuyana yana tuna buhu. In na ce dankon sai in ji ƙamshin gawayi.

Mun koma aiki. Shekarun nan su ne mafi daɗi da na sani. Garkuna suka yawaita, ba ma rasa kira. Kalmomin suka bi mu gida. 'Ya'yan Yaya suna cewa akwo in suna jin ƙishirwa, matarsa tana yi musu tsawa tana dariya. Inna da kanta ta taɓa ce mini dankon da na kawo mata goro, ta rufe baki da gyale. Mushe yakan tsaya nesa kaɗan da ramin yana sauraro. Murya tana fitowa daga ƙasa da harshensa, ni ina amsawa daga sama. Wata rana na ga yana share ido, ya ce hayaƙin gawayi ne.

Sai aka kira mu wani ƙauye a yankin Bazaga. Rijiyar sha suke so, matansu suna tafiya nesa da amalanken jaki. Ƙasar wurin ba ta yi mini ba. Sama marmara ce mai ƙarfi, ƙasa kuwa rairayi ne fari, mai gudu kamar gari. Zoben simintin da za a riƙa saukarwa don tare bango bai iso ba, motar ta lalace a hanya. Na ce mu jira. Yaya ya ce ya ji sanyin ruwa a tafin ƙafarsa, kamu kaɗan ya rage. Matan ƙauyen suna zuwa kullum su tsaya su kalle mu, da tulunansu babu komai. Mun daɗe a wurin, har sun saba da mu, suna kawo mana fura. Na kore su daga bakin ramin ba sau ɗaya ba, don kada su ji kalmomin su maimaita. Ba a korar mai ƙishirwa daga inda ake neman ruwa.

Ranar da abin ya faru rana tana tsaka. Na sa ya ɗaura igiya ta biyu a ƙugu, ya yi mini tsiya, ya ce azeno ya zama uwa. Ya sauka. Kwanduna suna fitowa da rairayi mai danshi. Sai na ji ya ce akwo, yana dariya. Matan suka gane, suka fara guɗa.

Cikin guɗar na ji wani sauti kamar an zazzage buhun gero. Ƙura ta taso daga ramin.

"Furato!" na ce.

Ya amsa. Ya yi tari, ya ce tiru. Na ja igiyar ƙugunsa. Ta yi nauyin da ba nasa ba, rairayi ya riƙe shi. Maza suka rugo suka kama bayana. Muka ja, na ji ya ɗan motso, na ji ya yi ƙara. Na ce su ƙara ƙarfi. Ina ja ina tuɓe takalmi da ƙafa, don na yi niyyar in ba su igiyar in sauka da ɗayar.

Sai na ji haltu.

Sarai ta fito, ba tari a cikinta, ba tsoro. Muryarsa ce. Na ɗaga hannu, mazan suka tsaya. Ƙa'ida ce, da ita aka haife ni. Na leƙa, ƙura ta hana ni gani. Na ce furato. Aka sake cewa haltu. Na tsaya da igiya a hannu, ban ja ba, ban sauka ba. Ban san tsawon lokacin ba. Bai kai a sha kofin shayi ba.

Sai bangon ya tafi gaba ɗaya. Ƙasar da nake tsaye a kai ta girgiza, igiyar ta fizge ta yanke mini tafin hannu.

Mun tono shi washegari, bayan zoben siminti ya iso. Ni na sauka, karo na farko a rayuwata, kafaɗuna suna gogar bango. Na same shi a tsaye. Igiyar tana ƙugunsa. Hannuwansa biyu suna riƙe da ita sama da kansa, kamar mai jira a ja shi. Da ƙyar na ɓamɓare yatsun.

Na kai wa Inna shi a amalanke, cikin tabarma. Tana bakin zaure. Ba ta yi kuka a gabana ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ta kira ni bayan ɗaki, inda ta taɓa kirana.

"Ya yi magana?"

"Ya yi, Inna."

"Mi yac ce?"

Na faɗa mata kalmar. Ta ce in fassara. Na ce tsaya.

Ta ce, "To, ka tsaya." Ta shiga ɗaki. Har ta rasu ban san yadda take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Mushe ya zo gaisuwa. Ya zauna kusa da ni, ya kasa haɗa Hausar ta'aziyya. Na gaya masa yadda na sami hannuwan. Ya ce in ƙasa ta riƙe mutum zuwa cinya, jan igiya bayansa yake karyawa, ba ya fito da shi. Ya ce Yaya yana ganin bango yana tsagewa, ya san in na sauka za a binne biyu. Ya ce mutum yana iya cewa tsaya da baki, hannunsa kuma ya ƙi sakin igiya, haka ɗan Adam yake. Duk na san wannan, na fi shi sanin rairayi. Na ce, "Matan nan sun yi kwanaki suna jin kalmomin bakin ramin. Masu ƙasa ma suna da kunne." Bai ce aljanu ba sa zuwa lakwal ba. Ya riƙe hannuna mai ciwon. Da damina ta wuce aka mayar da shi wani wuri. Ya kira ni a waya 'yan lokuta, yana fara gaisuwa da harshen, ina amsawa da Hausa. Daga baya ya daina.

Ban sake riƙe wa kowa igiya ba. Yanzu ma injin burtsatse ya karɓe yawancin aikin. Ina noma gero da wake, in rani ya yi in je dako Konni, a ce mini kam in zo, a ce sitof in tsaya. Matar Yaya ta hana 'ya'yanta kalmomin, sun kuma manta. Ni ban manta ba. Suna fitowa ba da izinina ba. In ɗauki buta in ji bakina ya ce akwo. In jaki ya ƙi tafiya in ce azeno, sai in waiwaya, don ba ni ne mai faɗar ta ba. Wadda ba na so ita ce ta fi zuwa. Ina tsakar huɗa, rana tsaka, ba kowa a gonar, sai in ji ta sarai, ba tari, ba tsoro. Sai in ga na tsaya da hauya a sama. Ina auna muryar kamar yadda ake auna hatsi, ina neman inda ta bambanta da tasa. Ban samu ba. A rijiyar iyaka ma ban samu ba.

Mutanen ƙauyen ba su cike rijiyar ba. An so a cike, matan suka ƙi, suka ce ruwan da aka biya da rai ba a binne shi. Wasu suka ƙarasa ta da siminti. Na yi shekaru ina kewaye hanyar. Bara na je sayen akuya a kasuwar yankin, kabu-kabun da na hau ya bi ta nan, tayarsa ta yi faci daidai bakin ƙauyen. Mai kabu-kabun ya ce in jira. Ƙishirwa ta kai ni.

An yi wa rijiyar dakali, an gitta itace a bakinta, igiyoyi sun ci shi sun yi masa zane. Mata sun kewaye ta. Yawancinsu ban san su ba, amaren da aka kawo daga baya ne. Biyu suna jan babban wasaki tare, hannu bayan hannu, kuma duk ja ɗaya sai su ce tiru. Tiru, tiru, kamar waƙar daka. Na tambayi ɗaya ma'anarta. Ta ce, "Oho, Baba. Haka a ka cewa a rijiyag ga. In ba a ce ba ruwan nauyi ya kai."

Na ce, "Ɗayar fa? Akwai wadda ake cewa in za a tsaya?"

Ta ce ita ba ta san wata ba.

Wata tsohuwa tana gefe da gugarta, tana jiran a ba ta wuri. Ta daɗe tana kallona, ina jin ta gane ni. Ta miƙo mini igiyar. Na zura gugar, na ji ta taɓa ruwa, na bari ta nutse ta cika. Sanyin ramin ya bugi fuskata. Na kasa kunne. Ba abin da ya fito sai ɗigar ruwa daga wasakin matan.

Suka ce tiru, na ja. Tabon tafin hannuna ya yi zafi, igiyar sabuwa ce mai kaushi. Na ja hannu bayan hannu, ban huta a tsakiya ba kamar yadda ake yi, har gugar ta bugi itacen, ruwan ya zubo mini a ƙafa. Tsohuwar ta tara hannu ta karɓa, ta juye a tulunta, ta bar mini saura. Na sha. Na sake zura gugar. Tulunta ya cika, na cika na maƙwabciyarta, mai kabu-kabu yana ta yi mini oda daga bakin hanya.